Me ya haɗa bangaskiyar Kirista da hidimar mabukata?

Tambaya: In ceto kyauta ne, me ya sa Kirista yake ɗora wa kansa ɗawainiyar mutane?

Amsa: A Littafi Mai Tsarki, Afisawa 2:8-9 ta nuna cewa ceto alherin Allah ne, ba ladan aiki ba. Amma aya ta 10 na biye da ita, tana cewa an halicci mai bi domin kyawawan ayyuka. Yakubu 2:15-17 ya fi kowa fito da maganar fili: ka ga ɗan'uwa ba riga ba abinci, ka sallame shi da fatan alheri hannu rabbana, wannan bangaskiya matacciya ce. Ba 'ya'ya ke ba itace rai ba, amma da su ake gane mai rai.

Tambaya: Su wane ne mabukatan?

Amsa: A Matiyu 25:35-40 Yesu Almasihu ya ambaci mayunwaci, mai ƙishirwa, baƙo, marar sutura, marar lafiya da ɗan kurkuku, ya ce abin da aka yi musu shi aka yi wa. Bai tambayi ƙabilarsu ko addininsu ba.

Tambaya: An ga haka a aikace a ƙasashenmu?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Mishan ta SUM (Sudan United Mission) ta buɗe asibitin Vom, kusa da Jos, a 1922. Ta SIM (Sudan Interior Mission) ta kafa asibitin ido na Kano a 1943, wanda yau yake hannun cocin ECWA, sannan asibitin Galmi a Nijar a 1950. Tun kafin nan, a shekarun 1930, SIM ta karɓi jinyar kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, a zamanin da ko ƙwarya ba a haɗawa da kuturu. A Jos kuma, asibitin ECWA da ake kira Jankwano ya yi suna wajen ɗinkin mata masu yoyon fitsari, da yawansu Musulmi daga ƙauyuka masu nisa.

Tambaya: To, ba dabarar jan mutane su bar addininsu ba ce?

Amsa: Wannan zargi ya daɗe, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Turawan mulki sun taƙaita wa'azin mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci, jinya ce ta buɗe musu ƙofa, su ma 'yan mishan ba su ɓoye burinsu na yin bishara ba. A ganina dai, taimakon da aka gindaya wa sharaɗi ciniki ne. A Luka 17 kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne tak ya dawo godiya, kuma ba a janye lafiyar sauran taran ba.

Tambaya: Wanda ba shi da kuɗin gina asibiti fa?

Amsa: Ya leƙa gidan da aka yi rasuwa ya ga Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci. Wannan ta zo da mudun masara, waccan da sabulu, wata da ƙullin itace a ka. Kafin Fasto ya iso sun share tsakar gida, sun ɗora tukunya, biyu sun zauna kan tabarma gefen matar mamacin, ba sa cewa komai sai "sannu, Mama". Bayan mako guda, baƙi sun watse, su ne za su dawo su tambaya ko an biya wa yara kuɗin makaranta.