Mene ne "bakof", kuma yaushe faifan waje ke zama shi?

A shagunan gyaran kwamfuta na Gusau da Birnin Kebbi, kafin mai gyara ya ɗauki sukurudireba yakan tambaya: "Alhaji, kana da bakof?" Amsar da ya fi ji ita ce: "E, ina da estanal." Daga nan ruɗanin ke farawa, don abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya.

Bakof kalmar aro ce daga Turanci. Ma'anarta kwafi na biyu na bayananka, wanda aka ajiye a wani wuri daban domin ranar da na farkon zai lalace, ko a sace shi, ko a goge shi bisa kuskure. A Hausance za a iya cewa ajiyar ko-ta-kwana. Shi kuwa estanal, wato faifan ajiya na waje da ake jonawa ta ramin USB, mazubi ne kawai. Sharaɗin bakof guda ɗaya ne: fayil ya kasance a wuri biyu a lokaci guda.

Ɗauki misalin mai ɗaukar bidiyon biki a Talata Mafara. Kwamfutarsa ta cika, sai ya kwashe bukukuwan bara ya zuba a faifan waje, ya goge na cikin kwamfuta don ya samu fili. Wannan ba bakof ya yi ba, ƙaura ya yi wa fayilolin. Har yanzu kwafi ɗaya ne, kuma ya koma cikin na'urar da ta fi faɗuwa daga kan tebur. Haka shi ma wanda aka raba wa faifan cikin kwamfuta gida biyu, C da D, yana tara muhimman takardu a D da tunanin ya tsira. D na tsira idan an sake zuba Windows, amma ƙarfe ɗaya ne. Ranar da ya mutu tare za su tafi.

Akwai kuma abin da ke kama da bakof amma bai cika ba, wato daidaita folda da ma'adanar intanet irin su Google Drive ko OneDrive. Wannan madubi ne: abin da ka goge a nan zai gogu a can. Kwandon shararsu na riƙe abin da aka goge kwana 30, bayan nan shi ke nan. Ga shi filin kyauta kaɗan ne, gigabait 15 a Google, 5 a OneDrive, kuma a wayoyin Android ajiyar WhatsApp ma cikin 15 ɗin nan take ci.

Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki ba a gida ɗaya da sauran ba. Sashen ƙarshen ne aka fi watsarwa. Faifan da ke kwana cikin jaka ɗaya da laftof, ɓarawon da ya ɗauki jakar ya haɗa da shi. Gobarar kasuwa da ruwan da ke shiga gidaje da damina a garuruwan bakin gulbi irin Argungu da Yawuri ba sa zaɓar na'ura. Mai shagon buga takardu ya ajiye kwafi ɗaya a gida. Takardun da ba su da nauyi, irin su furojet ɗin ɗalibi ko lissafin shago, su hau intanet, ba su cin data sosai.

Sai maganar saye. Faifan waje iri biyu ne. HDD yana da faranti a ciki mai juyawa, galibi sau 5400 a minti, da wata allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba. Shi ya fi araha idan ana neman fili mai yawa, amma idan ya faɗi yana cikin aiki allurar na iya karce farantin, kuma abin da ya karce ba ya dawowa. SSD ba shi da abin da ke motsi, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure girgizar kabu-kabu, sai dai kuɗinsa ya fi yawa. Wanda faifansa zai zauna a durowa, HDD ya ishe shi. Mai yawo da shi kullum daga wurin biki zuwa shago, SSD ya fi masa.

A cikin HDD ɗin ma akwai ƙarami mai inci 2.5 da ke shan wuta daga kwamfuta, da babba mai inci 3.5 da ke da nasa abin jonawa a bango. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, ƙaramin ya fi dacewa, don batirin laftof ne ke riƙe shi. Babban kuwa in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu, fayil ɗin da ake kwafa kan lalace, wani lokaci har tsarin faifan gaba ɗaya. Kada a saye shi sai da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ko inbata.

Girman da za a saya ya ninka abin da ake son ajiyewa aƙalla sau biyu, saboda manhajar bakof na tara tsofaffin kwafi. Mai bayanan gigabait 400 ya nemi terabait 1. In ka jona shi ka ga Windows ta nuna gigabait 931 maimakon 1000, ba a cuce ka ba: wajen ƙirga girman faifai kamfani na lissafi da 1000, Windows da 1024. Mai terabait 2 zai nuna 1.81.

Inda ake cutar mutane wani wuri ne daban. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera HDD: Seagate, Western Digital da Toshiba. Amma kwalin roba da tambari kowa na iya bugawa. Akan ɗauki tsohon faifan laftof da ya sha aiki a sa shi cikin sabon gida, a sayar a matsayin sabo. Akan kuma sami wanda aka rubuta wa terabait 2 alhali ɗan ƙaramin memori ne a ciki da aka yi wa dabara. Zai karɓi fayiloli kamar gaske, sai ranar buɗewa a tarar babu komai. Araha ba ta ado. Manhajoji biyu na kyauta na tona wannan asiri. CrystalDiskInfo na nuna ainihin sunan faifan da ke ciki, awannin da ya yi a kunne, da ko yana da sassan da suka lalace. Sabon faifai bai kamata ya nuna dubban awanni ba. H2testw kuma na cika faifan da rubutu ya sake karantawa, ya faɗi girmansa na gaskiya. Na farkon minti biyu ne, a yi shi a gaban mai shago. Na biyun kan ɗauki awanni, don haka a yi yarjejeniyar dawowa da kaya kafin a biya.

A duba rami ma. USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, na kwafe gigabait 200 a HDD cikin kamar minti 35 in manyan fayiloli ne. A tsohon rami na USB 2.0 aikin kan kai kusan awa biyu. Tsohon ramin kuma wutarsa kaɗan ce, miliamfiya 500, na 3.0 kuwa 900. Shi ya sa wani faifan ke ƙarar "ƙas-ƙas" ya ƙi buɗewa a ramukan gaban babbar kwamfuta ko a kan marabar USB mai araha, wato abin da ke raba rami ɗaya zuwa da yawa. Kafin a yanke cewa ya mutu, a canza waya, a jona shi kai tsaye a ramin baya. In ƙarar ta ci gaba, a cire shi a daina gwadawa, kowace kunnawa ƙara ɓarna take.

Tsarin da aka yi wa faifai fomat da shi na da tasiri. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, abin da ke hana dogon bidiyo shiga ko da fili na nan. NTFS shi ne na Windows. Mac na karanta shi amma ba ya rubutu a kai. exFAT na aiki a duka biyun. Fomat na share komai, don haka a yanke shawara tun ranar farko.

Manhaja kuwa, aikinta ta ɗauke maka mantuwa. Kwafi da hannu na aiki mako biyu, daga nan sai a shiga "gobe zan yi". Windows na da File History a cikin Control Panel: a jona faifai, a zaɓe shi, a kunna. Yana ɗaukar kwafin abin da ya canza duk awa ɗaya matuƙar faifan na jone, kuma yana riƙe tsofaffin kwafi, ta yadda za a iya dawo da takarda yadda take a makon jiya. Tarkonsa shi ne foldojin da Windows ta tanada kawai yake kallo, irin su Documents, Pictures da Desktop. Abin da aka tara a D ba ya taɓawa sai an shigar da shi. Mai Mac na da Time Machine, wanda zai nemi ya sake tsara faifan da tsarin Apple, daga nan Windows ba za ta karanta shi ba.

FreeFileSync ya dace da mai son ganin fayilolinsa a fili kamar yadda suke, amma a kula da zaɓin Mirror: duk abin da babu a kwamfuta zai share shi a faifan, kuma in aka juya hagu da dama, wato aka musanya inda za a kwaso da inda za a zuba, faifan da babu komai ne zai shafe mai kaya. Wanda ke son ɗaukar kwamfutar gaba ɗaya, har Windows da manhajojin ciki, ya nemi irin su Veeam Agent na kyauta, ya kuma haɗa filas ɗin farfaɗowa, wanda ake tayar da kwamfuta da shi in Windows ta ƙi tashi, tun kwamfutar na da lafiya. Karon farko ne ke daɗewa. Bayan nan abin da ya canza kawai ake ƙarawa.

Da an gama, a cire faifan ta alamar cirewa da ke kusa da agogo, a ajiye. Ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, irin WannaCry ta 2017, na bin duk faifan da ta samu a jone. Faifan bakof kuma ba ya zuwa shagon wanke hoto ko buga takarda. Wannan aikin filas ne, don a can ake kwaso cutar da ke ɓoye foldoji ta bar gajerun hanyoyi (shortcut) a madadinsu. Kada a bar faifan a mota ko kan taga a zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gusau ke haura digiri 40.

Sau ɗaya a wata, a buɗe faifan a dawo da fayil biyu ko uku zuwa wata folda: takarda ɗaya, hoto ɗaya, bidiyo ɗaya da za a ja har ƙarshensa. In bidiyon ya tsaya a tsakiya, ko kwanan watan sabon fayil ya nuna watanni uku baya, to manhajar ta daɗe da daina aiki, ko faifan ya fara gazawa, sai a nemi wani faifan a kwashe tun wannan yana buɗewa.