Hannun da siminti ya ci: me dokar diyyar ma'aikata ta ce?

Duk wanda ya taɓa gaisawa da birkila ko mai buga bulo a Katsina ya san hannun da nake nufi: ya bushe, ya tsattsage, da hunturu har jini yake yi. Sai a ce kirci ne ko sanyi, a shafa man kaɗanya a koma kwaɓi. Alhali jiƙaƙƙen siminti yana cin fata kamar ruwan toka mai ƙarfi, kuma akwai sinadarin kuromiyam a cikinsa, wanda in jiki ya fara ƙinsa, ko ɗan kaɗan ya taɓa ka sai ƙaiƙayi da ƙuraje su dawo. Kanikawa masu wanke baƙin mai da fetur su ma haka fatarsu ke lalacewa.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa ciwon fata da sinadaran wurin aiki suka jawo cikin cututtukan da ake biyan diyya a kansu. Hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, NSITF, ce ke riƙe da asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa. Mai wurin aiki ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma haramun ne ya cire wannan kuɗi daga albashinka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda leburori ke cire kansu da kansu, su ce ai ba su da takardar ɗaukar aiki. Dokar ba ta nemi takarda ba. Wanda aka ɗauka da baki, da mai aikin wucin gadi, da yaron da ke koyon sana'a, duk ma'aikata ne a idonta. Ko da ubangidanka ya sa ka amince cewa ka yafe haƙƙinka, wannan yarjejeniya ba ta da ƙarfi.

Sai dai akwai wa'adi. Ka sanar da mai gidanka cikin kwana 14 da sanin ciwon, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7. Neman diyyar cikin shekara ɗaya ake yi. Ciwon fata kuwa a hankali yake shiga, mutum ya yi ta cewa zai wuce. Don haka ka je asibiti da wuri, ka gaya wa likita aikin da kake yi da abin da hannunka ke taɓawa kullum, ka roƙe shi ya rubuta. Sanarwar da za ka yi wa ɗan kwangila ma ta zama a rubuce da kwanan wata, ka ajiye kwafinka.