Toshewar kafireta da magungunan fetur a tsofaffin babura a Sudan

Kafireta ita ce na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga injin babur su ƙone. Idan ƙananan ƙofofin da mai ke bi a cikinta suka cushe da ƙura, tsatsa ko danƙon tsohon fetur, sai a ce ta toshe. Magungunan fetur kuwa sinadarai ne da ake sayarwa a ƙananan kwalabe, a zuba a tanki don su wanke hanyar mai ko su hana shi lalacewa. A Turai da Indiya dokokin hayaƙi sun sa yawancin sababbin babura sun koma injekta, wato na'urar da ke fesa mai da sarrafawar lantarki, amma a Sudan har yanzu kafireta ce ke ɗauke da akasarin babura da raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya. A garuruwan da Hausawa suka daɗe da zama, irin su Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, da Gadarif, Kasala, Damazin da Wad Madani, babur abin neman abinci ne. Da shi ake zuwa gona, da shi ake kai kaya kasuwa, don haka ranar da ya ƙi tashi ranar asara ce ga gida.

Yadda take aiki

Idan fistan ya yi ƙasa a zagayen shan iska, yana zuƙo iska ta cikin kafireta. A tsakiyarta akwai maƙogwaro mai ƙunci inda iska ke ƙara gudu, matsinta ya ragu, ta jawo fetur daga kwanon da ke ƙasa. Masanin Italiya Giovanni Battista Venturi ne ya bayyana wannan ɗabi'a a 1797, kuma a 1893 Wilhelm Maybach na Jamus ya ƙera kafireta mai fesa mai a kan wannan tsari. Don fetur ya ƙone sarai, ana bukatar iska mai nauyin kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya na mai.

A cikin kwanon akwai fulot da allurarsa, su ne ke tsayar da mai idan ya kai ma'auni. Daga nan man yana hawa ta ƙofofin tagulla da ake kira jet. Jet ɗin silo, wato ƙaramin jet, shi ke ciyar da inji daga tsayuwa zuwa kusan rubu'in totur, doguwar allura ta karɓi aiki a tsakiya, babban jet kuma ya ɗauka idan aka buɗe totur sosai. A kafiretar Keihin, wadda Honda ta sa wa CG125 da ya fito a 1975, lambar da ke jikin jet faɗin ƙofarsa ce: jet ɗin silo mai lamba 38 bai kai rabin milimita ba. Yawancin baburan China da suka cika kasuwa sun kwaikwayi wannan inji da kafiretarsa. Ƙofa mai wannan ƙanƙanta ƙwayar yashi ɗaya ta ishe ta, shi ya sa kusan kullum jet ɗin silo ne ke fara toshewa.

Abin da ke toshe ta

Ƙura ce ta farko a ido. Guguwar habub da ke turnuƙe tsakiyar Sudan gab da damina tana ɗauke da ƙasa mai laushi wadda ke shiga ta murfin tanki, ta tiyon numfashin kwano, da ta matatar iska idan ta yage ko ta bushe. Soson matatar iska na irin CG an yi shi ne a wanke, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai. Wanda ya mayar da shi a bushe ya rage masa aiki ƙwarai, don man ne ke kama ƙurar.

Amma yawancin dattin ta hanyar fetur yake zuwa. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man da ake haƙowa, ƙasar ke fama da ƙarancin mai lokaci bayan lokaci. An cire tallafin fetur a 2021, sannan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya durƙusar da matatar Jaili da ke arewacin Khartum, wadda ita ce mafi girma a ƙasar. Sakamakon haka mai babur ya saba sayen fetur a kwalba ko jarka a bakin hanya. Man da ya bi ta duro mai tsatsa, ya bi ta jarkar da aka taɓa zuba ruwa ko dizal, yana isowa da laka a ƙasansa. Wani lokaci ma an gauraya shi da kananzir, wanda ke rage ƙarfin okten, wato ma'aunin juriyar fetur ga matsi, ya sa inji ƙwanƙwasa da hayaƙi.

Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki da gindin kwano, daidai inda jet ke zuƙo mai. A tanki yana haifar da tsatsa, a kwano kuma yana cin alminiyam ya bar wani farin gari. Fetur mai gaurayen etanol, wato barasar da ake samu daga tsirrai irin su rake, ya fi tsotsar danshi: a cikin mai kashi goma na etanol, ruwan da ya kai kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ya isa ya sa etanol ɗin ya rabu ya kwanta ƙasa tare da shi. Batun ba baƙo ba ne a Sudan, domin kamfanin sukari na Kenana a jihar Farin Nilu ya buɗe masana'antar etanol tun 2009.

Sai tsufan fetur, wanda shi ne ya fi wahalar magani. Kwanon kafireta a buɗe yake ga iska. Idan babur ya zauna, sassan man masu sauƙi sukan tashi, ragowar ta haɗu da iskar oksijin ta zama danƙo mai launin ruwan zuma, daga baya ta ƙafe kamar ƙaro a jikin ɗakwara. Jan ƙarfen da ke cikin tagullar jet yana hanzarta wannan lalacewa, ga kuma zafi. A Khartum zafi kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu zuwa Yuni, saboda haka abin da zai ɗauki watanni a ƙasa mai sanyi yana iya faruwa cikin makonni. A yankin Gadarif damina na mayar da baƙar ƙasa taɓo, baburan ƙauye da yawa su zauna a zaure. Mutanen da suka koma Khartum a 2025 kuma, waɗanda suka yi sa'ar samun baburansu, sun same su da man da ya kwana kusan shekara biyu a ciki.

Alamomi

Babur ya tashi da cok, wato abin da ake ja don tada inji mai sanyi, amma ya mutu da zarar an mayar da shi, ko ya ƙi riƙe silo sai ana murɗa totur: wannan jet ɗin silo ne. Idan yana tafiya lafiya sai an buɗe wuta ya shaƙe, a duba babban jet ko ragar famfon mai. Fetur na ɗiga ta tiyon ƙasa yana nuna datti ya hana allurar fulot rufewa. Sai dai fulogi da ya gaji, bawul da ya matse, ko robar da ke tsakanin kafireta da inji idan ta tsage, duk suna kawo irin waɗannan alamomi. Usta, wato bakanike, mai hankali yana fara duba su kafin ya kwance kafireta.

Magungunan da ake zubawa a tanki

Ba iri ɗaya ba ne, ko da yake kwalaben sun yi kama. Masu wanki suna ɗauke da sinadari mai narkar da datti a hankali yayin da mai ke wucewa. Mafi ƙarfinsu shi ne sinadarin polyetheramine, a taƙaice PEA, wanda Chevron ta yi suna da shi a maganinta Techron. Masu hana tsufa suna ɗauke da sinadaran da ke rage haɗuwar fetur da oksijin, kuma amfaninsu sai an zuba su a sabon mai kafin a ajiye babur, domin ba sa gyara man da ya riga ya lalace. Masu ɗauke ruwa yawanci barasar isofurofil ce ko metanol, suna haɗiye 'yan ɗigo kaɗan su ƙone tare da mai. Ruwan da ya kai cikin cokula sai an juye tanki. Masu ƙara okten ba su da alaƙa da wanki sam. Injin tsohon babur ba ya bukatar okten mai yawa, kuma masu ɗauke da manganis suna barin jan datti a kan fulogi.

Iyakar maganin tanki a bayyane take. Yana aiki ne inda mai ke gudana. Jet ɗin da ya toshe gaba ɗaya mai ba ya bi ta cikinsa, don haka maganin ma ba zai bi ba. Yashi da tsatsa kuma babu maganin tanki da ke narkar da su. Inda yake da amfani shi ne babur mai tashi, mai ɗan tangarɗar silo saboda danƙo ya fara kama ƙofa. A nan tanki ɗaya ko biyu na iya warware matsalar. Abin takaici ne a ga mai raksha ya sa kuɗin cefanen yini a kwalbar da aka ce masa za ta buɗe abin da sukundireba kawai zai buɗe.

Akwai kuma batun awo. Yawancin kwalaben an auna su ne da tankin mota mai lita 40 zuwa 60, alhali tankin ƙaramin babur bai fi lita 10 zuwa 13 ba. Juye kwalba guda a ciki ya ninka ƙa'ida sau uku zuwa shida. Hakan na iya kumbura robobi, kuma a tsohon tanki yana iya ɓamɓaro datti gaba ɗaya ya tura shi kafireta. A injin da ake gauraya masa mai da fetur, kamar tsofaffin raksha na Bajaj, yawan sinadarin na tsinka man da ke shafe fistan. Tina, wato ruwan tsinka fenti, da ƙwayar kafur da wasu ke jefawa a tanki ba magani ba ne, tina ma cin roba take yi.

Wankin hannu

Ana rufe famfon mai, a kwance sukurun da ke gindin kwano a tara man a kwalbar gilashi. Abin da ya kwanta a ƙasanta, ruwa ne ko jan gari ko yashi, shi ke faɗin inda cutar ta fito. Bayan an cire kafireta ana fitar da fulot, allura da jet biyun. Kafin a cire sukurun daidaita silo, a murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, a ƙirga zagayen, don a mayar da shi yadda yake. A irin waɗannan babura yakan kama tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. A bayansa akwai ɗan sifirin da ƙaramin zoben ƙarfe da zoben roba masu saurin ɓata a ƙasar gareji.

Dole a ware duk wata roba kafin a taɓa maganin feshi na wanke kafireta, domin asiton da toluwin da ke cikinsa suna lalata ta. Ana jiƙa jet, a fesa kowace hanya har maganin ya fito ta ɗaya gefen, a bi da iskar kwamfuresa, sannan a ɗaga jet a rana a ga haske zagaye ta ƙofarsa. Idan ya ƙi, siririn zaren jan ƙarfe daga cikin wayar lantarki ya isa. Allurar ɗinki ko wayar ƙarfe tana faɗaɗa ƙofar tagulla, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, kuma babu gyara sai sabon jet. Sodar sabulu tana cin alminiyam, ruwan khal, wato binega, ma haka idan aka bar gangar kafireta ta daɗe a ciki. A yi aikin a fili, nesa da murhun shayi da taba, a kare ido, kada kuma a zuƙi tiyon fetur da baki.

Wanki ba ya ɗorewa idan tanki na da tsatsa. Ana cire shi a zuba 'yan notuna da kananzir a girgiza, a ɗauraye, a shanya sosai, sannan a sa ƙaramar matatar mai a tiyon da ke tsakanin famfo da kafireta. Mai sayen man kwalba ya bar shi ya kwanta, ya tace da ƙyalle mai tsabta a mazurari, ya bar ɗigon ƙarshe a kwalbar. Babur da zai zauna fiye da wata guda a rufe masa famfon mai, a zubar da na kwano ta sukurun ƙasa, a cika tanki don kada danshi ya sami wurin taruwa, kuma a nan ne maganin hana tsufa yake biyan kuɗinsa.