Martabar jami'o'in Amurka a idon mutanen Asiya

Martabar jami'o'in Amurka a Asiya ita ce ƙimar da iyaye, ɗalibai da masu ɗaukar ma'aikata ke bai wa digirin da aka samo daga can, musamman na Harvard, Yale, Princeton, Stanford da MIT. Wannan ƙima ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma tana hawa da sauka ne gwargwadon ƙarfin jami'o'in gida da abin da kasuwar aiki ke nema.

Asali

Abin ya samo tushe tun ƙarni na 19. Yung Wing ya kammala Yale a 1854, shi ne ɗan ƙasar Sin na farko da ya yi digiri a Amurka. Da shawararsa gwamnatin daular Qing mai mulkin Sin a lokacin ta tura yara 120 karatu can daga 1872, sannan ta janye su a 1881. Daga baya Amurka ta yafe wani kaso na diyyar da aka ɗora wa Sin bayan tawayen Boxer, wato boren ƙin jinin baƙi da aka yi a ƙasar, aka mayar da kuɗin tallafin karatu. Makarantar share fage da aka buɗe a Beijing a 1911 domin waɗannan ɗalibai ita ce ta zama Jami'ar Tsinghua. A Koriya ta Kudu kuwa, 'yan mishan na Amurka ne suka aza harsashin Jami'ar Yonsei, kuma shugaban ƙasar na farko, Syngman Rhee, ya yi digirin digirgir a Princeton a 1910.

Sin da Koriya

A nan ne sunan makaranta ya fi nauyi. Jadawalin jami'o'in duniya da Jami'ar Shanghai Jiao Tong ta fara fitarwa a 2003 yana sa Harvard a kan gaba kowace shekara, iyaye kuma sun riƙe irin waɗannan jadawalai tamkar ma'aunin hatsi. Illar hakan a fili take: ƙaramar kwaleji mai koyarwa ta gaske takan rasa kasuwa saboda dangi ba su taɓa jin sunanta ba.

Harshen mutane ma ya nuna yadda lamarin ya shiga gidaje. A Koriya ana cewa "gireogi appa", wato uba mai halin dinya, ga magidancin da ya tura mata da 'ya'ya ƙasar waje karatu, shi ya zauna a gida yana aika kuɗi, sai sau ɗaya ko biyu a shekara ya hau jirgi ya gano su. Tsadar sunan ke nan a cikin gida guda. A Sin ana kiran wanda ya dawo daga karatun waje "haigui", kalmar da furucinta ya yi daidai da kunkurun teku. Da masu dawowa suka yi yawa, aiki ya yi wuya, sai aka ƙirƙiro "haidai", mai furucin ciyawar teku, ga wanda ya dawo yana zaman jiran aiki. Yau kamfanoni da dama a Sin ba sa fifita digirin wata jami'ar Amurka da ba a sani ba a kan na Tsinghua ko Jami'ar Peking.

Ɗaliban Sin a Amurka sun kai kimanin 372,000 a zangon 2019/20, suka sauka zuwa kimanin 277,000 a 2023/24. Annobar korona, tsadar karatu da tsamin dangantakar ƙasashen biyu duk sun taimaka.

Indiya da Japan

A wannan zangon na 2023/24 Indiya ta sha gaban Sin da ɗalibai sama da 331,000. Yawancinsu digiri na biyu suke nema a fannin injiniya da kwamfuta, don haka hankalinsu ya fi karkata ga damar samun aiki bayan karatu. Hanyar da Sundar Pichai ya bi, daga kwalejin fasaha ta IIT Kharagpur a Indiya zuwa Stanford zuwa shugabancin Google, ita ce mafarkin gidaje da yawa.

Japan ta bi wata hanya dabam. Ɗalibanta a Amurka sun kai kusan 47,000 a ƙarshen shekarun 1990, yanzu ba su kai 20,000 ba. Manyan kamfanoni kan ɗauki sabbin ma'aikata a dunƙule su fara aiki a watan Afrilu, kuma digirin Jami'ar Tokyo ya ishi mai shi shiga wannan sahu.