Mece ce sosaku-hanga?

Wanda ya leƙa shafukan gidajen adana kayan tarihi ko na masu gwanjon zane-zane, da zarar ya isa ɓangaren Japan zai yi ta cin karo da kalmar sosaku-hanga. A Japananci, hanga hoto ne da aka buga daga jikin allon da aka sassaƙa, sosaku kuwa ƙirƙira ce. Abin nufi shi ne hoton da mutum ɗaya ya zana, ya sassaƙa, ya kuma buga da hannunsa, bai miƙa ko da sashe ɗaya na aikin ga wani ba.

Aikin kansa kamar na hatimi ne. A sami allon katako, a zana hoto a kai, a bi da wuƙa da kurfi a ƙwaƙule duk inda ba a son tawada ta taɓa. Sai a goga tawada da burushi, a shimfiɗa takardar gargajiya ta Japan da ake kira washi, a murza bayanta da wani ɗan faifai da ake kira baren, wanda aka naɗe da ɓawon gora. Babu inji, ƙarfin damtse ne kawai.

To me ya sa yin abu da hannunka ya zama har sai an raɗa masa suna? Saboda a da ba haka ake yi ba. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hotunan da ake kira ukiyo-e sana'a ce ta mutum huɗu. Ɗan kasuwa ya zuba kuɗi ya faɗi abin da yake so, mai zane ya zana, masassaƙi ya sassaƙa, mai bugu ya buga. Shahararren hoton igiyar ruwan nan na mai zane Hokusai, ba shi ya sa wuƙa a katakon ba. A 1904 wani matashi mai suna Yamamoto Kanae ya fitar da hoton wani masunci a mujallar Myojo, shi ya zana shi ya sassaƙa, bai kuma ɓoye sawun wuƙarsa ba. Daga nan ake ƙirga farkon tafiyar. A 1918 masu wannan ra'ayi suka kafa ƙungiyarsu. Kada a haɗa su da 'yan shin-hanga, waɗanda ɗan kasuwa Watanabe Shozaburo ya tara a wannan zamanin ya ci gaba da raba aiki irin na da. Hotunan shin-hanga sun fi sulɓi da tsafta, na sosaku-hanga kuwa kaushi ne adonsu.

Wanda ya fi kowa suna a cikin 'yan sosaku-hanga shi ne Munakata Shiko. An haife shi a 1903 a Aomori, can arewacin Japan, ɗan maƙeri ne. Yana saurayi ya ga hoton furannin da Van Gogh, mai zanen nan na Turai, ya zana a wata mujalla, ya ce shi ma sai ya zama Van Gogh, ya tattara ya nufi Tokyo a 1924. Zanen fenti bai karɓe shi sosai ba, katako ne ya karɓe shi. Ganinsa rarrauna ne tun yana yaro, idonsa na hagu ma ya mutu gaba ɗaya a 1960. Hotunan da aka ɗauka yana aiki abin kallo ne: ya ɗaure goshi da ƙyalle, tabarau mai kaurin gaske, hanci ya kusa taɓa allo, wuƙa na gudu, yana ta gunaguni shi kaɗai.

A 1939 ya sassaƙa alluna goma sha biyu, goma na manyan almajiran Buddha, biyu na bosatsu. A addinin Buddha, bosatsu shi ne wanda ya kai bakin samun tsira amma ya dakata don ya taimaki sauran halitta. Allunan bosatsun biyu sun ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Tokyo a 1945. Da ya sake sassaƙa su a 1948, sai suka fito da siffar mata. Wannan jerin yana cikin ayyukan da suka ci masa kyauta a baje kolin Sawo Paulo ta Brazil a 1955, da babbar kyautar bugu a Benis ta Italiya a 1956.

Hotunan mata da Munakata ya riƙa yi suna da tushe biyu. Na farko, hoton kyakkyawar mace, bijin-ga, tsohon kayan kasuwa ne a Japan. Mai zane Utamaro ya yi suna da cika takarda da fuskar mace ɗaya, yawanci matan unguwannin shaƙatawa na birnin Edo, wato Tokyo ta yau. Na biyu, mabiya Buddha a gabashin Asiya sun daɗe suna ba wasu ababen girmamawarsu siffar mace. Kannon, bosatsun jin ƙai, a Indiya namiji ne, amma a Sin da Japan sau da yawa mace ake zanawa. Benzaiten kuwa, abar bauta mai kula da kiɗa da ruwa da arziki, asalinta Saraswati ce, abar bautar Indiya. Munakata ya haɗa igiyoyin biyu. Matansa masu faffaɗar fuska ne da cikar kumatu, ƙaramin baki ja, baƙin gashi mai yawa, sau da dama kuma da ɗigo a tsakiyar goshi, alamar da ake yi wa Buddha da bosatsu. Ba hoton wata 'yar gidan wane ba ne, ba kuma irin wanda ake ajiyewa a ɗakin bauta ba. A ganina wannan tsaka-tsakin ne ƙarfinsu, ko da yake a shekarunsa na ƙarshe ya maimaita fuskar nan har ta kusa zama tambarin kasuwa.

Launin ma da nasa salo. Sai ya buga baƙi zalla, sannan ya juya takardar ya shafa launi ta baya, ya ratso ta gaba ba tare da ya rufe baƙin layin ba. Yanagi Soetsu, jagoran masu ɗaukaka sana'ar hannun talakawa, wanda ya fara sayen aikinsa a 1936, shi ya ba shi wannan shawara.

Ga kuma abin da ya sa Munakata bai zauna daidai cikin ma'anar kalmar ba. An kafa sosaku-hanga ne a kan "ni na yi", mai zane ya bayyana kansa irin yadda ake yi a Turai. Shi kuwa da Yaƙin Duniya na Biyu ya kore shi zuwa Fukumitsu a lardin Toyama, ya zauna shekaru cikin mabiya ɗariƙar Jodo Shinshu, masu koyar da cewa mutum ba ya tsira da dabararsa sai da wani ƙarfi da ba nasa ba, tariki. Ya ɗauki wannan ya kai shi kan allo, yana cewa hoton yana cikin katakon tun farko, shi mai fito da shi ne kawai. Shi ya sa yake liƙa kalmar saku a ƙarshen sunayen ayyukansa, yana kwatanta kowanne da 'yar alamar da mai ziyarar ibada kan bari a kowane haikali ya wuce gaba. Gwamnatin Japan ta ba shi lambar girmamawa ta al'adu a 1970, ya rasu a 1975.

A yau idan aka ce sosaku-hanga, galibi wancan zamanin ake nufi, daga Yamamoto zuwa shekarun bayan yaƙi. Masu yin irin wannan bugu yanzu, a Japan da wajenta, sun fi kiran sana'ar tasu mokuhanga, wato bugun katako kawai.