Tsofaffin kayan katakon Faransa masu zane: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Fenti ne wannan zanen furen?

A'a. Siraran katako ne masu launi daban-daban, a yanka da ƙaramin zarto, a jera, a manna a jikin kabad ko tebur. Duhun da ke gefen ganyen ma da yashi mai zafi aka babbake shi.

An ce nawa na Boulle ne.

Da wuya. André-Charles Boulle, kafintan Sarki Louis na 14, ya rasu a 1732. Galibin kayan katako masu adon tagulla da ƙoƙon kunkurun teku da ake kira da sunansa an yi su ne a ƙarni na 19. Wannan bai sa naka ya zama banza ba.

Akwai hatimi, shi ke nan?

Ina! Daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa 1791 ƙungiyar kafintocin Paris ta wajabta buga sunan kafinta a jikin kaya, sau da yawa tare da haruffan JME, wato alamar masu duba aiki na ƙungiyar. Amma ana jabunsa, musamman sunan Riesener, kafintan da ya kammala teburin Sarki Louis na 15 a 1769. Ɗaga dutsen da ke saman kayan ka duba hatimin, sannan ka zaro durowa ka ga ko da hannu aka yi haɗinta.

Wani yanki ya ɗago, in manna?

Ya danganta. Gam ɗin asali na fata da ƙashin dabba ne, ɗumi da ɗan danshi na farfaɗo da shi. In yankin katako ne ƙarami, bai karye ba, mai gyara zai ɗura sabon gam irinsa mai ɗumi, ya shimfiɗa takarda, ya danne da ɗumammen katako, ya bar shi ya kwana. In tagulla ce ta lanƙwashe, kada ka danna, domin ta riga ta miƙe, ba lallai ta koma gurbinta ba. In kuwa katakon ƙasan ne ya tsuke, wanda iskar hunturu kan jawo ga kayan da aka kawo Arewa, manni kaɗai ba zai yi ba sai an daidaita danshin ɗakin, wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Abin da ya faɗo, adana shi a ambulan. Don Allah ban da sufa-gulu: ba ya warwaruwa, kuma darajar kayan yake zubarwa.

In goge da samfefa ya yi ƙyalli?

Kul! Kaurin zanen bai wuce milimita biyu ko uku ba, wani ma bai kai ba. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, sai ɗan kakin zuma sau ɗaya a shekara.