Kamun Kuskure a Tace Saƙonnin Imel

Kamun kuskure shi ne matatar imel ta cafke saƙon da bai ji ba bai gani ba, don kawai wasu haruffa a cikinsa sun dace da samfurin da aka ba ta. Ya fi faruwa a gundarin saƙo, inda rubutu yake da yawa, kuma matatar jerin haruffa take bi, ba ma'ana ba.

Tarihi

Samfurin nema da ake kira regex, wato hanyar rubuta tsarin haruffan da ake son samowa a rubutu, ya samo asali daga aikin masanin lissafi Stephen Kleene a shekarun 1950. Ken Thompson ya shigar da shi cikin manhajar gyara rubutu a ƙarshen shekarun 1960. Wajen 1990 manhajar procmail ta fito, ta ba masu imel damar rubuta ƙa'idojin tacewa da kansu.

Matsalar ta yi suna a 1996, lokacin da matatar kamfanin intanet na AOL ta hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila buɗe asusu saboda kalmar batsa da ke ɓoye a tsakiyar sunan garin. Har yau da sunan garin ake kiranta. A kusan 2001 kuma Yahoo Mail ta riƙa sauya "eval" da "review" don toshe umarnin kwamfuta mai cutarwa, sai "medieval" ta koma "medireview". A 2003 matatar Majalisar Dokokin Birtaniya ta tare saƙonnin da suka shafi ƙudurin doka kan laifukan jima'i.

Dalilai

Babbansu shi ne gajeriyar kalma a cikin doguwa. Wanda ya sa "kyauta" don kama 'yan damfara zai haɗa da "kyautatawa". Alamar iyakar kalma, \b, tana magance wannan, amma a manhajar da ta san haruffan ASCII kaɗai (haruffan Turanci na asali), ƙ da ɗ ba haruffa ba ne, sai ta ga iyaka a tsakiyar kalma.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Hoto ko fayil da aka maƙala yana tafiya ne cikin tsarin base64, dogayen layukan haruffa a cakuɗe, kuma gajeren samfuri kan faɗo a ciki haka kawai, musamman idan ba a bambanta manyan haruffa da ƙanana. Procmail ɗanyen saƙo take dubawa, ba ta warware shi zuwa ainihin siffarsa. A tsarin quoted-printable kuwa, wata hanyar aika haruffan da ba na ASCII ba, ƙ kan koma =C6=99.

Tsohon saƙo da aka kwafo cikin amsa shi ma yana tayar da matata.

Kariya

A warware saƙon kafin nema, a kuma taƙaita ga sashen rubutu. Ƙarin da aka yi wa Sieve, harshen rubuta ƙa'idojin tace imel, a 2008 ya tanadi hakan. SpamAssassin, manhajar tace saƙonnin banza, maki take bai wa kowace ƙa'ida, sai jimilla ta kai 5 bisa saitin asali take yanke hukunci. Kafin a yarda da sabon samfuri, a gwada shi kan tsofaffin saƙonnin kirki, abin da ya kama kuma a keɓe maimakon a goge.

Tun bayan 2002 wasu na ganin matatar da ke koyo da ƙididdiga ta wadatar, wasu na haɗa ta da ta samfuri.